Buhu Goma Sha Bakwai

Takardar ta fito ran Alhamis.
Na bugo ta a shagon Nomau, bakin tasha,
na naɗe ta cikin leda
don kada gumin aljihu ya cinye sunana.
Zariya. Ilimin haɗa magunguna.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, adadin kuɗi.
Na karanta sau uku, bai ragu ba.

Baba bai karɓa ba, hannunsa duk taki.
Na riƙe masa, ya dubi hatimin,
sannan ya juya ya dubi rudu,
inda albasarmu take kwance tun bazara
tana jiran tsada.
"Nawa ke nan a buhu?"
Shi ba ya ƙirga da naira.
Na ce goma sha bakwai, in an sayar yau.
Ya ce, "In an kai Nuwamba, shida."
Na ce rajista ba ta san Nuwamba ba.

"Ga jami'a a Aliero," in ji Kawu Arzika,
"ka ci tuwon gida, ka taka da ƙafarka.
Me Zariya ta ajiye maka?"
Na sunkuya ina tonon ƙasa da yatsa.
Ta yaya zan ce ba karatun ne kaɗai ba?
Ina son titin da bai san kakana ba,
inda in na yi tuntuɓe
labari ba zai riga ni isa gida ba,
inda in an tambayi sunana, sunan ake nufi,
ba ɗan wane, jikan mai ɗori.

Tun ina shekara tara nake ɗinke bakin buhu.
Na yi wa tirelar Anacha lodi,
na yi wa ta Fatakwal, na yi wa ta Legas.
Albasarmu ta ga teku.
Ni iyakata Birnin Kebbi,
nan ma jinyar Inna ce ta kai ni.

Daren Asabar ruwa ya kwana yana zuba.
Da asuba muka shiga tsince, ni da Baba.
Hanci ke riga ido sani.
Ka taɓa wata, ga ta ja, ga ta ƙatuwa,
yatsa ya nutse.
Kwando biyu muka juye bayan katanga,
ina kallo ina lissafi:
wancan kuɗin ɗaki ne,
wannan katifa da kuɗin mota.
Ko awaki sun shinshina sun wuce.

Inna ta ce kwasar adashinta sai bayan Maulidi.
Hajo ƙanwata ta fasa asusunta na awara,
dubu huɗu da ɗari uku, duk ƙaurin mai.
Ta ce, "Bashi ne fa. Rubuta."
Na rubuta a bayan takardar.

Kwana biyar Baba bai ce komai ba.
Na shida ya aika a kira Gado dillali.
Suka ja, suka ja, har inuwa ta bar zaure,
na ji "Alhamdu lillahi" mara nauyi.
Da ya shigo ya miƙo min basilla da zare.
"Albasa ba ta yi halin ruwa ba," ya ce,
ba da faɗa ba, kamar mai faɗin farashi.
"Amma dai shi ya raine ta.
Ɗinke da kyau, hanya da nisa."

Na ɗinke goma sha bakwai.
Rudu ya yi fili har ana ganin karan ƙasa,
kaji suka shiga suna tono.
Na so in ji daɗi, na ji shi kuwa,
sai dai yana da yaji.

Gobe mota ƙarfe shida.
A Nuwamba, in Allah ya kai mu,
zan tsaya gaban wani mai tebur a Samaru,
in ɗauki ɗaya, in juya ta, in shinshina.
In ya ce uku ɗari biyar
ba zan nemi ragi ba.